Kwana huɗu ina koyon nutso a tekun Zanzibar

Da na gaya wa Hajiya a waya cewa zan shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska a gadon bayana, shiru ta yi har na zaci layin ya katse. Can sai ta ce, "Kai da ko kududdufin unguwa ban taɓa bari ka leƙa ba?" Da gaskiyarta. A Kano na tashi, inda kusan kowace damina sai an yi jana'izar yaron da ruwa ya ci, saboda haka tarbiyyar da muka samu game da ruwa mai zurfi ɗaya ce, a nisance shi. Ni kaina sai da na haura shekara talatin na koyi iyo, a wurin wankan wani otal, da sassafe don kada wanda ya san ni ya gan ni ina fafutuka kamar kazar da ta faɗa rijiya.

A watan Fabrairu muka tafi, ni da uwargida, ana saura 'yan makonni azumi. Jirgi daga Kano zuwa Addis Ababa, daga nan zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume da ke birnin Zanzibar. Mai fasfo ɗin Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun da wuri ya jira amincewa, kuma a tafi da katin rigakafin shawara. Tun Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya, dala 44 kowane mutum. Daga birnin muka hau mota zuwa Nungwi, ƙauyen masunta da masassaƙa jiragen ruwa da ke can ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar kamar kilomita 60. A nan masaukinmu yake, a bakin ruwa, da wurin koyar da nutso a gefensa.

Takarda aka fara miƙo mini, ba tukunya ba. Tambayoyi ne a kan lafiya: asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, tiyatar kunne, hawan jini, ciki ga mata. Duk wanda ya amsa e a wasu wuraren sai ya kawo sa hannun likita. Na cike na miƙa, ina jan hanci, don ƙurar hunturun Kano ta biyo ni da mura. Malamin ya dube ni ya ce, "Kaka, da wannan hancin ba za ka shiga ruwa ba." Abu biyu suka ɓata mini rai a lokaci guda. Na farko hana ni da ya yi. Na biyu, furfura ba ta fi uku ba a gemuna amma wannan saurayi ya mayar da ni kakansa. Sai da yamma wani ma'aikacin otal ya warware mini cewa a Swahili kaka yaya ne, girmamawa ce irin ta sa'anni. Daga nan ni ma na riƙa ce masa Mwalimu, wato Malam.

Na ce masa ai sai in sha maganin mura. Ya ƙi. Bayaninsa shi ne maganin kan buɗe hanyar hanci da kunne na 'yan sa'o'i, idan ƙarfinsa ya ƙare kana ƙasa, iskar da ta shiga kunnenka ta rasa hanyar fita sa'ad da kake tasowa, kuma ba yadda za ka yi ka fasa tasowa. Kwana biyu na yi ina shan shayin citta da kanumfari, wanda a ƙasar nan ba ya wuya, ina karatun da dole sai an yi kafin a taɓa ruwa.

Kwas ɗin na PADI ne, wata ƙungiyar koyar da nutso ta duniya, matakin farko, kuɗinsa ya tasam ma dala 500 da kayan aro duka. Kashi uku ne: karatu babi biyar da jarrabawa mai tambaya 50, sai horo a ruwa mara zurfi, sai nutso huɗu a teku. Karatun duk a kan abu ɗaya yake kewayawa. A doron ƙasa nauyin iskar sama yana kanmu ba mu ma sani ba. Idan ka nutsa mita 10, ruwa ya ƙara maka irin wannan nauyin sau ɗaya, ya zama biyu, a mita 20 ya zama uku. Balan-balan da ka hura a sama, in ka kai ta mita 10 za ta koma rabin girmanta. In kuwa a can ƙasa ka cika ta ka sako ta, kafin ta iso sama ta ninka, ko ta fashe. Huhunka shi ne wannan balan-balan. Shi ya sa dokar farko ta nutso da tukunya ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Duk abin da na koya a wurin iyo, da duk abin da jiki ke yi da kansa in ya ji ruwa ya rufe fuska, kishiyar wannan doka ne.

Wani abin da na tafi da shi a kaina kuma ya zama kuskure: na zaci iskar oksijin ce a tukunyar, irin ta asibiti. Ashe iskar da muke shaƙa ce ta yau da kullum, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan duk saura naitirojin, an tace ta an danna ta har ma'auni ya kai 200. Naitirojin ɗin nan ne ke narkewa cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. In ka taso a hankali sai ya fita ta numfashi. In ka taso da gudu, kamar ka girgiza kwalbar lemo ne ka ɓalle murfin farat ɗaya, kumfar kuwa a cikin gaɓoɓinka za ta tashi.

Ranar da hancina ya buɗe, gwajin iyo aka fara yi mini: mita 200 ba tsayawa, ba ruwansu da salo ko sauri, sannan minti goma a saman ruwa ba tare da na dafa komai ba. Minti goman nan ya fi mini wata huɗubar tsawo. Bayan nan aka shigo da kaya. Rigar roba mai kama jiki, wadda sai da na yi gumi kafin ta shiga. Falmaran mai cin iska, wanda ake ɗaure tukunyar a bayansa, da maɓalli biyu, ɗaya ya hura ɗaya ya sace. Bututun numfashi guda biyu, naka da na ko-ta-kwana mai launin rawaya don abokin tafiya. Ɗamara mai ɗauke da darma kilo shida. Gilashin fuska, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Da aka ɗora mini duka na miƙe, sai na ji kamar ɗan dako a Kantin Kwari. Uwargida tana gefe da waya tana ɗauka, dariya har da riƙe ciki.

Mu huɗu ne ɗalibai: ni, da wasu mata da miji Jamusawa, da wata budurwa daga Nairobi. Muka durƙusa a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, muka nutsar da kai. Numfashin farko a ƙarƙashin ruwa, hankali ba ya yarda da shi. Ka ja, iska ta zo, busasshiya mai ɗan sanyi, amma wani abu a ƙirjinka yana cewa ƙarya ne, tashi. Na yi kamar minti biyu ina ja da sauri kamar wanda kare ya biyo, kafin na lura iskar ba ta da niyyar yankewa.

Inda na sha wuya shi ne gilashin fuska. Ana so ka bar ruwa ya cika shi da gangan, sannan ka danne samansa da yatsu, ka ɗan ɗaga kai, ka fyato iska ta hanci har ta kore ruwan ta ƙasa. Daga baya ma ka cire shi ɗungurungum ka yi minti ɗaya kana numfashi ta baki, hancinka a buɗe cikin ruwa. Karon farko ruwa na taɓa hancina na shaƙe shi, na miƙe zumbur ina tari. Karo na biyu haka. Na uku har na tofar da bututun. Jamusawa sun gama, 'yar Nairobi ta gama, ni kaɗai ake jira, kuma na fara lissafin dalolin da zan yi asara in na ce na fasa. Mwalimu ya ja ni gefe. Ya ga na yi sallar azahar a bayan ɗakin kaya, shi ma Musulmi ne kamar yawancin mutanen tsibirin. Ya ce, "Kaka, kai da kake sa ruwa a hanci sau biyar a rana, yau ne zai kashe ka? Yi kamar alwala. Ya shiga, ka fyace." Wallahi abin da ya warware mini ke nan. Na koma na durƙusa, na bar ruwan ya shiga, na fyace, gilashin ya washe. Sai dai ya ci gaba da yoyo a hankali saboda gashin baki yana hana robar kama fata, don haka da daddare na sa reza na rage layin da ke ƙarƙashin hanci. Uwargida ta ce na koma kamar ɗan sandan da.

Sauran darussan sun zo da sauƙi: cire bututu a mayar, neman sa in ya kuɓuce, karɓar iska daga abokin tafiya, da maganar hannu. Da'ira da babban yatsa da manuni, lafiya lau. Tafin hannu yana rawa, akwai matsala. Hannu ya gifta maƙogwaro, iskata ta ƙare. Babban yatsa sama kuwa ba yabo ba ne, ma'anarsa mu tashi. Akwai kuma darasin tsayuwa a tsakiyar ruwa, ba ka taɓa ƙasa ba ka tasowa sama. A nan ne na gane huhu shi ne linzamin. Ka cika shi, bayan daƙiƙa biyu ka ji ka ɗago. Ka saki, ka ji kana sauka. Mai gaggawa kullum yana makara da daƙiƙa biyun nan, sai ya yi ta sama da ƙasa kamar guga.

Kashegari muka shiga teku, a wani dutsen murjani da ba shi da nisa da Nungwi. Kafin a sauka kowa ya duba kayan abokinsa: falmaran, darma, maɗaurai, iska. Aka ce in zauna a gefen jirgi, bayana ga ruwa, hannu ɗaya a kan gilashi da bututu, in faɗa da baya. Na yi bisimilla, na karanta duk abin da ya zo bakina, na saki jiki. Sama ta juya, kumfa ta rufe ni, sai ga ni ina yawo a saman ruwa mai ɗumi kamar an sirka.

Da igiya muka sauka. Tun a mita biyu kunne ke fara jin matsi, kuma maganinsa ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji ɗan ƙas, kowace mita, kafin ciwo ya zo. Na dama ya buɗe. Na hagu ya ƙi a mita huɗu, ya fara suka kamar an tura tsinke. Na yi abin da aka hana, na hura da ƙarfi, ciwon ya ƙaru. Na nuna wa Mwalimu tafin hannu yana rawa, na nuna kunne. Ya ɗago ni mita ɗaya, ya yi mini alamar sannu-sannu, abin da suke ce wa pole pole, kalmar da za ka ji sau hamsin a rana a tsibirin nan. Na haɗiye yawu, na karkatar da kai, na hura kaɗan. Sai na ji wani siririn fito a cikin kai, ciwon ya ɗauke. Saukar mita 12 ta ci mana kusan minti bakwai saboda ni.

Na zaci ƙarƙashin teku shiru ne. Ba shiru ba ne. Akwai ƙarar numfashinka, da gurgurar kumfa, da wani tas-tas-tas da ba ya tsayawa kamar ana soya wani abu a mai, wanda aka ce mini ƙananan jatan lande ne ke yi. Injin jirgi in ya wuce, ba ka sanin ta ina yake, don sauti ya fi gudu a ruwa fiye da sau huɗu, kunne ba ya iya rarrabe gabas da yamma. Komai kuma yana ƙara girma da kusanci, sai ka miƙa hannu ga igiya ka damƙi ruwa.

Murjani kuwa ya ba ni kunya. Ni murjanin da na sani shi ne ja, na wuyan amare da tsofaffin gidanmu. Wannan ruwan ƙasa ne da kore da toka-toka, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Ja shi ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, tun daga wajen mita biyar, shi ya sa da Mwalimu ya haska tocila a wani lungu sai ga ja da ruwan lemo sun fito kamar an kunna su. Kuma ba dutse ba ne zalla, ƙananan halittu ne masu rai suke gina shi. Mun wuce wurare da ya yi fari fat, wasu sun mutu gansakuka ta rufe su. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima murjani yakan kori 'yan tsiran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, sai ya yi fari. Hakan ya faru sosai a wannan teku a 1998, ya sake faruwa a 2016 da 2024. Doka ita ce kada ka taɓa komai, kada ƙafarka ta daki komai. Ni da ƙafata ke harbin iska kamar jaki, sai da aka riƙa jan ni sama kaɗan.

Minti talatin da ɗaya ma'aunina ya sauko 50, inda dole a tashi. Mwalimu yana da fiye da rabin tukunya, 'yar Nairobi ma haka. Tsoro da yawan motsin hannu ke shanye iska, kuma in mutum ɗaya ya ƙare kowa ya tashi. Ba wanda ya ce mini komai a jirgi. Na ci kankanata a gefe.

A nutso na biyu aka yi darasin da har yau nake tunawa. Daga kamar mita bakwai, ka ɗauka iskarka ta ƙare kuma abokinka ya yi nisa. Numfashi ɗaya za ka ja, ka taso a hankali kana cewa "aaa" ba yankewa har sama, bututu a baki, malami riƙe da kai. Na tabbata ba zan kai ba, don a ƙasa ma ba na iya jan "aaa" na rabin minti. Na ja, na fara tasowa, ina jiran inda zai ƙare. Bai ƙare ba. Iskar da ke huhuna tana ƙara kumbura ina tasowa, ina fitarwa tana cikowa, har kaina ya fito da saura. Abin da na karanta a babi na ɗaya na amsa a jarrabawa, sai a ranar ƙirjina ya gaskata shi.

Rana ta ƙarshe Mnemba muka nufa, ɗan tsibiri a arewa maso gabas, daura da ƙauyen Matemwe. Ba a sauka a kansa, na masu masauki ne, amma ruwan da ke kewaye da shi kowa na zuwa, kuma jirage sun yi yawa har abin ya so ya zama kasuwa. Iskar arewa maso gabas, wadda suke ce wa kaskazi, tana kaɗawa, jirgi yana tsalle, Bajamushen ya yi amai sau biyu, abin da, Allah ya yafe mini, ya ɗan sanyaya mini rai. A wurin da ake kira Wattabomi muka fara, sannan Kichwani, inda murjani ke gangarowa kamar gefen tudu. A nan muka kai mita 18, iyakar abin da wannan mataki ya yarda. Na naɗe hannuwana a ƙirji kamar yadda na ga Mwalimu na yi, na bar ƙafa kaɗai tana aiki, ina ja a hankali ina saki a hankali. Garken kifaye masu ratsin shuɗi da rawaya suka buɗe mana hanya suka rufe a bayanmu. Wani kifi mai baki kamar na aku yana gatsar murjani, ana jin ƙarar haƙoransa. Sai ga kunkurun teku, girmansa ya kai faifan tuwon biki, yana tafe ba abin da ya dame shi. Murna ta sa na ɗaga masa babban yatsa. Nan take Mwalimu ya iso gabana yana tambaya da ido me ya faru, na yi sauri na mayar da ita da'ira.

A mita biyar muka tsaya minti uku, kamar yadda ake yi a ƙarshen kowane nutso don naitirojin ya rage. Na rataye a tsakiyar ruwa ba igiya, hasken rana yana saukowa a tsattsage. Minti arba'in da shida muka yi, na fito da 70.

Bayan nutso fiye da ɗaya ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18, don haka muka ƙara kwana. Da safe ruwa ya ja baya, muna tafiya a kan duwatsu da uwargida, sai ta tsuguna ta ce, "Maigida, wannan ba wuri ba ne?" Wuri ne, irin wanda ake ɗinka wa a jikin kayan 'yan dambe da 'yan tauri, amma da rai, wata 'yar halitta mai laushi ta leƙo daga tsagar tana jan sa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wuri gidan wani ba ne. Kuɗin kakanninmu ke nan, kalmar kuɗi ma jam'insa ce. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzawa da dala ɗaya ta azurfa. Na farko daga tsibiran Maldibs ake kawo su, sannan a tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa loda irin na wannan gaɓar a jirage daga Zanzibar zuwa Legas da maƙwabtanta, har ya yi yawa darajarsa ta faɗi. Uwargida ta so ta sa shi a jaka. Na ce ta bar shi, mai gidan yana ciki. Ta mayar da shi cikin ɗan ramin ruwan.

Da yamma na kira Hajiya na ce an gama, an ba ni shaida, zan iya nutso a ko'ina a duniya har mita 18. Ta tambaya ko mita 18 ya kai zurfin rijiyar gidan kakanmu, na ce ya fi. Ta yi salati. Ta ce, "To, alhamdu lillahi, an gani an ƙoshi, ko?" Na ce e, Hajiya. Takardar kwas na gaba, mai kai mutum mita 30, tana ninke a cikin fasfo ɗina.